Tarihin Renon Shugabannin Laburaren Jami'o'in Nijeriya

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda aka reni shugabannin laburaren jami'o'i a Nijeriya tun daga 1948. Manufarta ita ce nuna cewa a kowane zango sauyin tsarin jami'a ne yake riga horon shugabanni zuwa, sa'annan horon ya biyo baya.

Zangon Farko

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, an damƙa laburarenta ga John Harris, mutumin ƙasar Niyuzilan. A wancan zamani duk ɗan ƙasa mai son ƙwarewa a wannan aiki sai ya zauna jarrabawar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Ingila. Taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 ya nuna bukatar horar da jagororin wannan aiki a cikin Afirka. Bayan rahoton Harold Lancour na 1958, Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta ba da kuɗin kafa cibiyar koyar da aikin laburare a Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960. Ra'ayin Ibadan shi ne a ɗauko mai digiri a wani fanni, a ɗora masa ilimin laburare, domin ya iya zama kafaɗa da kafaɗa da malamai.

Hanyar Zariya

Kafa jami'ar Nsukka a 1960, da na Zariya da Ife da Legas a 1962, ya sa bukata ta zarce abin da Ibadan ke yayewa. Rahoton F. A. Sharr na 1963 ya bayyana ƙarancin ma'aikata a Arewa. Saboda haka a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen da ke ba da digirin farko a wannan fanni. Masana sun yi ta muhawara a kan wace hanya ce ta fi dacewa: renon jagorori 'yan kaɗan, ko yaye ma'aikata masu yawa. Ƙarin jami'o'i bakwai da aka yi a 1975 ya nuna cewa ƙasa na bukatar duka biyun.

Zamanin Tsuke Bakin Aljihu

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sayen littattafai da mujallun ƙetare ya gagara. Shugaban da aka koya wa tsara littattafai da kasafta su sai ya wayi gari yana fafutukar neman kuɗi a majalisar jami'a. Bashin Bankin Duniya na 1990 da yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta 1992, wadda ta ware wa laburare kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanarwa, sun kawo sauƙi, amma sun zo da sabon nauyi na lissafi da sarrafa kwamfuta. Dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta tanadi majalisar yi wa ma'aikatan laburare rajista, sai dai rajista shaidar ƙwarewa ce, ba ta koyar da jagoranci.

Kammalawa

Gyaran dokar jami'o'in tarayya na 2012 ya taƙaita wa'adin shugaban laburare ga zango ɗaya na shekara biyar, alhali Harris ya shafe kimanin shekara ashirin a kujerarsa. Ke nan ba sauran damar koyon shugabanci a kan kujera. Wajibi ne a fara jawo mataimaka cikin harkar kasafin kuɗi da kwamitoci tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ya shafi masana harsunan Nijeriya kai tsaye, domin shugaban laburare ne ke yanke shawarar ko za a tanadi rubuce-rubucen ajami da littattafan harsunan gida, ko kuwa a bar su ga gara.