Inshorar gida: Ina makomar kason mai gida idan kamfani ya ƙi biyan diyya?

A duk damina ba a rasa gidajen da ruwa ke shiga a unguwanni irin su Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da ke ƙaramar hukumar Tarauni a birnin Kano, musamman a watan Agusta lokacin da magudanan ruwa ke cika. Da hunturu kuma sai a koma fargabar gobara.

Ƙalilan ne daga cikin waɗannan gidaje ke da inshora. A Najeriya baki ɗaya, kuɗin da harkar inshora ke tarawa bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba, kuma da dama daga cikin masu inshorar gida bankin da ya ba su rancen gini ne ya sharɗanta musu yin ta.

To sai dai waɗanda suka yi inshorar ma, akwai wani sharaɗi da ba su cika lura da shi ba sai ranar da ta ɓaci, wato kason da mai gida zai ɗauka daga cikin asarar, wanda ma'aikatan kamfanoni ke kira ekses.

Mene ne kason mai gida?

Wani adadi ne da ake rubutawa a takardar yarjejeniya, wanda mai gida ya amince shi zai ɗauki nauyinsa a duk lokacin da aka yi asara. Wani lokacin tsayayyen kuɗi ne, wani lokacin kuma kaso ne daga cikin ɗari na asarar.

Alal misali, idan gobara ta yi ɓarnar naira miliyan 2, kason mai gida kuma naira 100,000 ne, kamfani zai biya naira miliyan 1 da dubu 900. Idan kuwa ɓarnar duka ta naira 80,000 ce, kamfani ba zai biya ko sisin kwabo ba.

Kamfanoni na sanya wannan sharaɗi ne domin su rage ƙananan buƙatun diyya da bincikensu zai fi su tsada, da kuma sa mai gida ya riƙa kula da dukiyarsa.

Abin lura shi ne, wannan kaso ba tara ba ne, ba kuma ladan bincike ba ne. Ragi ne da ake yi daga diyya. Saboda haka idan kamfani ya ce ba zai biya diyya ba, babu abin da za a rage shi daga ciki, kuma a bisa ƙa'ida ba shi da hujjar neman kuɗin ko riƙe shi.

Inda rikici ke tasowa

Yawanci takaddama kan taso ne idan kuɗin ya riga ya bar hannun mai gida kafin kamfani ya yanke shawara. Akan aiko da ɗan kwangila ya rufe rufin da iska ta yaye, ko ya tokare katangar da ta tsage, a ce mai gida ya ba shi kasonsa kafin a fara aiki. Bayan makonni sai wasiƙa ta zo cewa an ƙi amincewa da buƙatar.

A nan tambaya ta farko ita ce, wa ya turo ɗan kwangilar? Idan kamfani ne, kuma ya karɓi kuɗin a matsayin kason diyya, mai gida na da hujja mai ƙarfi ta neman a mayar masa. Idan kuwa shi da kansa ya kira magini, ko ya sa hannu a wata takarda da ke cewa zai biya kuɗin aikin gaggawa in an ƙi buƙatarsa, to kamfani zai ce ladan aiki ya biya, kuma aikin na nan a jikin gidansa.

Su kuwa dalilan ƙin biyan sanannu ne. Inshorar gobara ta yau da kullum ba ta haɗa da ambaliya da guguwa ba, sai an ƙara su an kuma ƙara kuɗi. Ba a biyan ɓarnar da tsufan gini ko danshin da ya daɗe yana cin katanga suka haddasa. Sannan doka ta ce babu kariya sai an biya kuɗin inshora tukuna.

Akwai kuma wani ragin da mutane kan rikita shi da kason mai gida. Wanda ya yi wa gidansa inshorar naira miliyan 10 alhali sake gina shi zai ci miliyan 20, rabin asararsa kawai za a biya shi. Wannan ya zama babbar matsala tun bayan da buhun siminti ya tashi daga kimanin naira 5,000 a shekarar 2023 zuwa sama da naira 10,000 a farkon 2024, yayin da masu gidaje da dama ke sabunta takardunsu a kan tsohon ƙiyasi.

Abin da doka ta ce

Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a shekarar 1997, ita ce ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya, kuma tana karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a.

Dokar inshora ta shekarar 2003 ta hana kamfani fakewa da saɓa wani sharaɗi matuƙar sharaɗin ba shi da nasaba da asarar da aka yi. Ta kuma tanadi cewa duk bayanin da kamfani bai tambaya ba a takardar neman shiga, ba zai dawo daga baya ya ce an ɓoye masa wani abu mai muhimmanci ba.

A shekarar 2025 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003. Dokar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe.

Hanyar neman haƙƙi

Matakin farko shi ne neman kamfani ya rubuta dalilinsa, ya kuma nuna sakin layin da ya dogara da shi a cikin yarjejeniyar. Maganar baka ta wakili ba ta zama hujja. Rasit ɗin kuɗin da aka biya, da abin da aka rubuta a kansa, shi ne sau da yawa ke raba gardama.

Yana da kyau mai gida ya raba buƙatunsa biyu: neman a mayar masa da kasonsa daban, ƙalubalantar ƙin biyan diyyar daban. Yana iya yin nasara a ta farko ko da ya faɗi a ta biyu. Kada kuma ya yi gaggawar sa hannu a takardar sallama, domin ita ce ke nuna ya yafe duk wani sauran haƙƙi.

Idan kamfani ya yi biris, sai a kai ƙorafi ga NAICOM. A Kano akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha, wadda ta fara aiki a shekarar 2009, ga wanda ba ya son doguwar shari'ar da kuɗin lauya zai fi abin da ake nema.

A Birtaniya an bai wa kamfani makonni 8 ya amsa irin wannan ƙorafi, daga nan mai gida ya wuce ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi kyauta, kuma hukuncinsa na hawa kan kamfanin idan mai ƙorafin ya amince da shi.

Waɗanda ke ƙyamar inshora saboda dalilai na addini kan koma ga takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a shekarar 2013. A tsarin, mahalarta ne ke tara gudummawa a asusu guda, kamfani kuma ya zama wakili mai gudanarwa. Amma a can ma akan sanya kason mai gida a cikin yarjejeniya, kuma hukumar da ke sauraren ƙorafin ita ce dai NAICOM.