Gidan Haya da Gidan Kai: Waiwaye a kan Tarihin Kano

Tambayar da ke hana ma'aikaci barci a yau, watau ya sayi gida ko ya ci gaba da zaman haya, ba daɗaɗɗiya ba ce a ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna lokacin da ta kunno kai a Kano, da abubuwan da suka haife ta.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, yawancin mutanen birni a gidajen gado suke zaune. In saurayi ya yi aure sai a yanka masa sashe a gidan ubansa. In gida ya cika a nemi kango ko fili ta hannun mai unguwa. Baƙo kuwa, musamman falke, masauki yake nema. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa wajen ciniki, sa'an nan ya ci la'ada. Hausawa sun tafi da wannan tsari har Kurmi, shi ne Abner Cohen ya tarar a unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana cikin littafinsa na 1969.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka kafa Sabon Gari wajen 1913. Akawuna da leburori da ma'aikatan reluwe da suka kwararo masu albashi ne, ba su da gado a garin, yawancinsu kuma da niyyar komawa gida suka zo. Albashin wata shi ya kawo kuɗin ɗaki na wata. Sannu a hankali haya ta bazu zuwa Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa, inda baƙi 'yan Arewa suke sauka. Duk da haka Bahaushe bai daina kallonta da idon aro ba, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ita ma doka ta sauya ma'anar saye. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, sa'an nan dokar soja ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Saboda haka abin da mai saye yake samu shi ne ginin da haƙƙin zama a filin, galibi na shekara 99, wanda takardar shaida take tabbatarwa.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin sauƙaƙa mallaka. Ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, da bankin ba da rancen gidaje a 1977, aka gina gidajen Shagari tsakanin 1979 da 1983, kana a 1992 aka ƙirƙiro asusun gidaje da aka ɗora wa ma'aikata zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu. Amma rance mai dogon zango bai kafu ba. Faɗuwar darajar Naira tun daga 1986 ta tsorata masu bayarwa, ƙyamar riba kuma ta janye masu karɓa da yawa. Sai jama'a suka ɓullo da hanya ta uku: mutum yana haya yana sayen fili, yana aza bulo da kuɗin adashi, watakila sai giratuti ya zo a yi rufi.

Abin lura a nan shi ne, haya ta samo asali daga zaman wucin gadi, har yanzu kuma ta fi dacewa da wanda aiki zai iya ɗagawa ko yaushe, ko ɗan kasuwar da zai kashe jarinsa in ya binne shi a gini. Wanda ya yi niyyar zama dindindin kuwa, hauhawar farashi tana cin ajiyarsa tana ƙara masa kuɗin haya, ga iyali da za a iya tasa bayan ransa. Irin wannan mutum saye ya fi masa, muddin takardar filin ta inganta, domin fili marar takarda shari'a kawai zai bar wa magada.