Kassaly Daouda da makin farko na Mena

A filayen ƙwallo na Birnin Ƙonni da Malbaza da Ilela, idan yara suka raba gida biyu, yaron da ba ya iya gudu ake turawa tsakanin duwatsu biyu a ce ya zama gola. Wannan raini ga mai tsaron raga ya daɗe, kuma tarihin ƙwallon Nijar ya ƙaryata shi. Shekarun da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar, ta fi ɗaukaka, mutumin da ya tsare mata baya shi ne Kassaly Daouda, wanda aka haifa a Doso a 1983, kuma a ganina gudummawarsa a wancan zamani ta zarce abin da ake faɗa.

Tun kafin Nijar ta taka filin gasar cin kofin Afirka, Kassaly ya riga ya saba da manyan wasanni. Shi ne golan Coton Sport ta Garwa a Kamaru lokacin da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta sha kashi hannun Al Ahly ta Masar. Da wannan gogewa ya shiga wasannin share fage na 2012 ƙarƙashin Harouna Doula. A watan Oktoba 2010 Masar, mai riƙe da kofi sau uku a jere, ta zo Yamai ta sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi. Kowa na tuna Moussa Maâzou da ya jefa ƙwallon, amma ci ɗaya ba ya zama nasara sai an hana abokin gaba ramawa har alƙali ya busa tashi. Da maki tara na gida, duka a filin Seyni Kountché, Nijar ta wuce Afirka ta Kudu da Saliyo ta tafi gasar karo na farko.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Mena ba ta ci wasa ko ɗaya ba a gasar 2012 da ta 2013. Ranar 20 ga Janairu 2013 a Port Elizabeth, saura 'yan mintuna a tashi canjaras da Mali, ƙwallo ta suɓuce wa Kassaly, Seydou Keita ya tura ta raga. Sai dai a nan ne ake yi wa masu tsaron raga rashin adalci: ɗan gaba ya zubar da dama biyar a manta, gola ya yi kuskure ɗaya a riƙe masa shekara goma. A duba abin da ya biyo baya. Kwana huɗu kacal bayan nan, a filin guda, ya fuskanci Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango mai Dieumerci Mbokani a gaba, ya dinga kakkaɓe ƙwallayen da ake ganin sun riga sun shiga, aka tashi babu ci. Makin farko da Nijar ta taɓa samu a gasar ke nan, kuma wanda ake zagi ranar Lahadi ne ya kawo shi ranar Alhamis.

Ƙasar da ba ta da tarin 'yan wasa a Turai ba za ta dinga mamaye wasa ba. Yawanci tsaron gida zai cece ta. Don haka ƙungiyoyin jihar Tawa, daga Ƙonni har Ilela, su fara neman yaro mai tsayi da kwanciyar hankali tun yana ƙarami, su sama masa safar hannu da mai horarwa na kansa.