Duwatsun Tunawa da Igwogin Ganima a Ƙauyukan Turai

Bayan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a ranar 11 ga Nuwamba 1918, Faransa ta wayi gari da asarar sojoji kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, kuma da yake akasarinsu manoma ne da aka kwaso daga karkara, da wuya a sami ƙauyen da ba a yi zaman makoki a cikinsa ba. Gawarwaki da yawa sun ɓace a fagen fama, wasu kuma an binne su nesa da gida, Birtaniya ma hana mayar da gawarwakin sojojinta ta yi baki ɗaya, saboda haka iyalai suka rasa kabarin da za su ziyarta. Wannan rashi ne ya haifar da dutsen tunawa, wato ginshiƙin da ake kafawa a dandalin gari, kusa da majami'a ko ofishin magajin gari, a sassaƙa masa sunayen 'ya'yan garin da suka kwanta dama.

A Faransa dokar 25 ga Oktoba 1919 ta tanadi tallafin gwamnati ga duk garin da zai yi irin wannan gini, sai dai mafi yawan kuɗin daga karo-karon mazauna da baitulmalin garin ya fito, kuma cikin 'yan shekaru aka kafa fiye da dubu talatin. Galibi ana jera sunayen ne bisa tsarin haruffa ko shekarar mutuwa, ba tare da fifita hafsa a kan kurtu ba, kuma a ƙaramin ƙauye akan ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau uku ko huɗu a jere.

A gefen dutsen kuwa akan girke igwa, wato babbar bindiga mai ƙafafun keke wadda dawakai ke ja, sau da yawa ƙirar Jamus mai faɗin baki milimita 77, wadda aka ƙwace a yaƙi aka rarraba wa garuruwa a matsayin ganima. Wasu ƙauyukan kewaye dutsen suka yi da manyan harsasai da aka cire wa albarushi, aka kafa su tsaye aka haɗa da sarƙa. Dutsen da igwar ba magana ɗaya suke yi ba, domin sunayen juyayi suke nunawa, igwar kuwa kirarin nasara ce, kuma ba kowa ne ya yarda a haɗa su wuri guda ba. A garuruwa da dama na Birtaniya, 'yan mazan jiya da suka ga irin ɓarnar da waɗannan bindigogi suka yi wa abokansu sun tura su cikin tafki ko kogi. Mutanen Gentioux, wani ƙauye a yankin Creuse na Faransa, mutum-mutumin maraya suka kafa, ya dunƙule hannu yana nuna rubutun da ke tsine wa yaƙi.

Igwogin da suka tsira daga fushin jama'a da tsatsa, yawancinsu Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cinye su, lokacin da Birtaniya ta tattara tsoffin ƙarafa, har da shingayen gidaje, don narkarwa a ƙera sababbin makamai. Duwatsun kuwa sun tsaya, har ma aka ƙara musu sunayen mamatan 1939 zuwa 1945.

Al'adar ta iso yankunan mulkin mallaka, domin a Lokoja akwai dutsen tunawa da sojojin da suka yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, tare da tsoffin bindigogi a girke kusa da shi. Duk inda aka tarar da igwa a irin wannan wuri a yau, ya kamata a bincika asalinta, domin wasu daga baya aka kawo su don cike gurbin waɗanda aka narkar, alhali sunayen da ke jikin dutsen su ne shaidar da ta fito daga garin kansa.