Badon da Ya Koya wa Turawa Gini

Kowa ya san bado, wanda ke shimfiɗa ganyensa bisa tafki. To, a kogunan Amurka ta Kudu akwai wani irinsa mai ganye kamar ƙaton faifai, faɗinsa ya kan kai ƙafa 9.

A shekarar 1837 wani Bature mai auna ƙasa, Robert Schomburgk, ya tarad da shi a kogin Berbice, cikin ƙasar Guyana. Aka sa masa sunan Sarauniya Victoria. Turawa suka yi ta kai irinsa Ingila, ya ƙi rayuwa, sai a 1849 da aka kai shi cikin kwalaben ruwa.

Wani mai kula da lambu, Joseph Paxton, ɗan manomi, ya gina masa tafki mai ɗumi cikin ɗakin gilashi, a shekaran nan kuwa ya yi fure. Har ya ɗora 'yarsa bisa ganye guda, bai nutse ba. Da ya kifa ganyen, sai ya ga jijiyoyi sun sarƙe kamar azara, su ne ke riƙe da nauyin.

Sa'ad da aka so gina zauren babban bajekolin London na 1851, gwanayen gini suka kawo fasali 245, aka ƙi su duka. Paxton ya zana nasa, na ƙarfe da gilashi, bisa dabarar da ya gani a ganyen nan, aka karɓa. Tsawon zauren ya wuce ƙafa 1,800. Gobara ta cinye shi a 1936, amma dabarar ta wanzu.