Baburan Zamanin Udoji Sun Koma Kan Titi

A farkon 1975, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas bisa shawarar kwamitin Jerome Udoji. Kuɗi suka shigo hannu a dunƙule. Malamin firamare da akawu, waɗanda jiya suke fama da keke, suka wayi gari da Honda ko Yamaha ko Suzuki. Dattawa da 'yan kasuwa kuwa sai Vespa, don ba ta cin bakin babbar riga. A 1979 Honda ya kafa kamfanin harhaɗa babura a Ota, jihar Ogun.

Daɗin bai daɗe ba. Da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira daga 1986, sabon babur ya gagari talaka, acaɓa kuma ta zama abin dogaron matasa. A wannan matsin ne bakaniken babur ya goge, domin abin da ya mutu dole a tashe shi. Daga baya Jincheng da sauran baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, aka jingine tsofaffin na Japan a zaure. Wasu kuma sun kwanta a Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, lita ta haura naira 500. Magidanta da dama suka ajiye mota, suka tuna da abin da ke zaure.

In aka kawo masa irin wannan babur, gogaggen bakanike ba ya fara da buga kik. Sai ya cire fulogi, ya ɗiga baƙin mai a kan fistin, ya bari ya kwana, don zoben da ya shekara bai motsa ba yana iya karyewa. Ya kwance tanki ya juye tsohon fetur da ya yi ja yana warin fenti, ya zuba 'yan ƙusoshi da kananzir ya yi ta girgizawa har tsatsa ta saki. Kafireta kuwa ɗaya bayan ɗaya ake warware ta a cikin tasa, ana hura kowace kafa da baki. Taya da batir ba a ko ciniki, sauyawa ake yi. In Vespa ce, sai an gauraya fetur da baƙin mai kafin a kunna.

Kayan gyara ba su yanke ba. Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa inji sabis ba, masana'antun Sin kuma suka kwaikwayi injinsa, har sassansu da yawa suna shiga na asali. Abin da aka rasa a shago, yaron bakanike kan nemo shi a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wani lokaci a hannun 'yan gwangwan kafin su ɗora shi a sikeli.