Daga Sarkin Baka Zuwa Malamin Daji a Ƙasar Katagum

Kafin zuwan Turawa, sha'anin dawa a ƙasar Katagum yana hannun maharba ne, ƙarƙashin Sarkin Baka. Idan kura ta addabi garke a bakin kogin Jama'are, maharbi ake kira, ya ɗana tarko ko ya yi kwanto da kibiya mai dafi. Ladansa nama da girma a idon jama'a.

A shekarar 1916, wadda a cikinta aka mayar da fadar masarautar daga Katagum zuwa Azare, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji. Wannan doka, da wadda Jihar Arewa ta yi a 1963, su suka sa farautar wasu dabbobi ta koma sai da lasisi. Daga nan ƙaramin ma'aikacin En'e, wato malamin daji, ya shiga tsakanin maharbi da dawa, alhali sau da yawa maharbin ya fi shi sanin sawu.

Aikin ya ƙara sauyawa bayan an keɓe Yankari a 1956, aka kuma buɗe ta ga baƙi a 1962. Zakin da ake yi wa kirari idan an kashe shi, shi aka koma ana biyan albashi don tsaronsa. Makiyayin da aka cinye wa saniya kuwa bai ga dalilin haka ba, shi ya sa yakan zuba guba a mushe, ta kashe zaki da kura har da ungulu.